Dajin ƙashi: yadda za ka bi hanyar, daga hoton farko har ka koma bakin sana'a

Ni tela ne, kayan maza nake ɗinkawa a Kano, kuma ƙafata ta dama ta roba ce tun daga cinya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka gano ina da dajin ƙashi, irin wanda likitoci ke kira osteosarcoma, a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa. Ba likita ba ne ni, abin da zan faɗa abin da na bi ne da ƙafata, da wanda na ji daga bakin waɗanda suka duba ni. Na rubuta ne domin wanda aka nuna wa hoton ƙashinsa aka ce akwai abin da ba a gane ba, da iyayen yaron da gwiwarsa ta kumbura ta ƙi sacewa. Maganin wannan ciwon a jere yake, abu bayan abu, kuma yawancin waɗanda na gani sun sha wuya fiye da kima, ko dai sun tsallake wani mataki ne ko an kawo musu na ƙarshe a farko.

Ciwon ba shi da yawa. A cikin mutum miliyan ɗaya, waɗanda yake kamawa a shekara ba su wuce 3 zuwa 5 ba, shi ya sa ƙaramin asibiti zai iya shekaru bai ga ko ɗaya ba. Ya fi kama masu tasowa, daga shekara 10 zuwa 25, lokacin da ƙashi ke tsawo da sauri, kuma ya fi son kewayen gwiwa, wato ƙarshen ƙashin cinya ko saman ƙashin ƙwauri, sai kuma saman dantse kusa da kafaɗa. Alamar da ta fi kowacce ita ce ciwon da ke tashi da dare. Targaɗe ko buguwa idan ka kwanta sukan lafa. Wannan kuwa kana kwance ba ka motsa ba zai riƙa sara daga can ciki har ya tashe ka barci, farasitamol ya danne shi na awa biyu ya dawo. Daga baya kumburi ya biyo, mai tauri, da ɗumi, wani lokacin har jijiyoyi su fito raɗau a kan fatar. Wasu kuma sai ƙashin ya karye haka nan da ɗan tuntuɓen da bai isa ya karya kowa ba. Kusan duk wanda muka kwanta tare yana da labarin buguwa a filin ƙwallo ko faɗuwa daga babur, ni ma ina da nawa. Buguwar ba ita ta kawo ciwon ba, ta dai jawo hankali ne wurin da ciwon ya riga ya zauna.

Duk ciwon ƙashi da ya wuce sati uku zuwa huɗu yana ƙaruwa, musamman mai tashi da dare, a ɗauki hoton ƙashi. Wannan hoton, wato X-ray, shi ne hoto mafi araha a duk tafiyar, kuma shi ke buɗe ƙofar sauran.

A nan ne zan daɗe, domin a nan ake asarar watanni. A gidajenmu kumburin ƙafa na mai ɗori ne ko wanzami. Ina girmama masu ɗori, sun ɗora karayar mutanen unguwarmu da yawa. Amma wannan ba karaya ba ce. Murza wurin da ƙarfi na iya karya ƙashin da ciwon ya riga ya ci, tsaga da sakiya da ƙaho kuma suna buɗe fata a kan ciwon, ƙwayoyin cuta su shiga, ya zama gyambon da ba ya rufuwa. Likitan da zai iya ceton ƙafar da a ce ta zo masa a rufe, idan ta zo da rami tana wari sai ya rasa zaɓi. Sannan za ka ji maganar da kowa ya haddace: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya bazu. Ni ma kakata ta faɗa min, da hawayenta. Na yi ta tunanin inda maganar ta samo tushe, abin da na fahimta shi ne mutane kan kai mara lafiya asibiti ne bayan ciwon ya gama yaɗuwa, a yi aiki, ya rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya yi. Rubutu da tofi da addu'a ba su hana komai, na sha kuma ina sha. A dai bar wurin kumburin kada a murza, kada a huda.

Da hoton a hannunka, nemi asibitin da ke da likitocin ƙashi da na daji a wuri ɗaya ko kusa da juna. A Arewa akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake aiki, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ka karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara ganinka, tana rage yawo. Ka sayi jaka mai zif guda ɗaya ta takardu kawai. Kowane hoto, kowane sakamako, kowane rasit ya shiga cikinta, kuma ka ɗauki hoton kowanne da waya ka tura wa wani ɗan'uwanka. Fayil yakan yi ɓatan dabo a kowane asibiti, jakarka ce za ta fisshe ka.

Gwaje-gwajen da za su biyo baya kowanne da tambayar da yake amsawa. Hoton MRI na nuna iyakar ciwon a cikin ɓargo da naman da ke kewaye, da kusancinsa da manyan jijiyoyin jini, kuma ƙashin gaba ɗaya ake ɗauka, ba wurin kumburin kaɗai ba. Hoton CT na ƙirji shi ke duba huhu, domin idan wannan dajin zai yi tafiya, huhu yake fara zuwa. Kada ka ce ai ƙafa ce ke ciwo, me ya kawo ƙirji, ka ƙi biyan kuɗin. Sakamakon ƙirjin nan shi ke tsara duk abin da za a yi maka. Sai gwajin jini, da na ƙoda, da hoton zuciya, saboda magungunan da ke tafe.

Bayan hotunan ne ake ɗebo ɗan nama daga cikin ciwon a kai ɗakin gwaji. Shi kaɗai ke tabbatar da sunan ciwon, kuma sunan yana da muhimmanci ƙwarai. Osteosarcoma na buƙatar tiyata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta ƙarin ruwa, amma gashin daji, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, bai cika yi masa tasiri ba. Ewing sarcoma, wanda shi ma yara da matasa yake kamawa, yana jin kemo kuma yana jin gashi. Chondrosarcoma, dajin guringuntsi da ya fi kama manya, galibi tiyata ce kawai maganinsa. Akwai kuma kumburin da ba daji ba ne sam, ko ruɓewar ƙashi ce daga ƙwayoyin cuta, wadda a hoto takan yi kama da daji. Ka lura da wannan: wanda zai yi maka babban aikin, shi ko mutanensa ne ya kamata su ɗebi naman. Hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta shiga ciwon dole a yanke ta gaba ɗaya ranar tiyata, to idan wani ya huda ta gefen da bai dace ba, zai iya jawo a rasa ƙafar da za a iya ceto. Idan wani ƙaramin asibiti ya ce bari kawai mu buɗe mu cire ƙarin, ka yi godiya ka ɗauki jakarka.

Sakamakon naman yakan ɗauki sati biyu ko fiye, domin sai an tausasa ƙashi kafin a iya yanka shi siriri a duba. Ranar karɓa kada ka je kai kaɗai. Da zarar likita ya furta sunan ciwon kunnenka zai toshe, duk bayanin da ya biyo baya ba za ka ji ba. Yayana ne ya riƙe biro ya rubuta. Ka tambayi abu huɗu: mene ne sunan ciwon, ya je huhu ko bai je ba, mene ne tsarin maganin daga farko har ƙarshe, kuma nawa zai ci a ƙiyasce. Idan ba ka yi aure ba ko kana son ƙarin 'ya'ya, ka cire kunya ka tambayi batun haihuwa tun kafin a fara kemo, domin magungunan na iya taɓa ta.

Kemo ake farawa da shi, kamar sati 10 kafin tiyata. Iyaye kan yi mamaki: ga ciwo a fili, me ake jira? Dalilin shi ne tun ranar da aka gano ciwon, a mafi yawan mutane akwai ƙananan ƙwayoyinsa da suka riga suka bi jini, waɗanda hoto bai isa ya gani ba. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa kaɗai ake yi, waɗanda ke rayuwa shekara biyar ba su kai 20 cikin 100 ba. Da aka haɗa da kemo, ga wanda ciwon bai yaɗu ba, adadin ya kai 60 zuwa 70 cikin 100. Wannan lissafin ne ya zaunar da ni a kujerar ƙarin ruwa a ranakun da raina ya ƙi.

Manyan magungunan uku ne. Doxorubicin ja ne, zai mayar da fitsarinka ja kwana ɗaya ko biyu, kada ka tsorata ba jini ba ne, amma yana iya gajiyar da zuciya, shi ya sa ake hotonta. Cisplatin yana matsa wa ƙoda da ji, shi ne mai kawo amai mafi tsanani, sai an haɗa shi da ruwa leda-leda; idan ka fara jin ƙara a kunne ka faɗa nan take. Methotrexate mai yawa ba ko'ina ake bayarwa ba, domin yana buƙatar a riƙa auna shi a jini ana ba da maganin da ke kare jiki daga gare shi. Ni biyun farko aka ba ni, duk bayan sati uku. Gashi zai zube, har gira. Ka aske kanka da kanka tun kafin ya fara, ka sa hula. Ka sha maganin amai a kan lokaci, kada ka jira sai zuciya ta tashi. Ƙanshin soyayyen mai da na daddawa ya zame min abin gudu, koko da kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai da ayaba su suka riƙe ni, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ruwan sha a tafasa, latas da kabeji ɗanye na bakin titi a haƙura da su. Idan azumi ya riske ka a cikin kemo, ka sha, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ka rama daga baya, ƙodar da ke fama da cisplatin ba ta jure ƙishirwa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa, jiki ya rasa masu tsaronsa. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38 ko sama, ko da tsakar dare ne, asibiti za ka tafi, ka ce musu kana kan kemo tun daga bakin ƙofa. Kada a ce maleriya ce a aika kemis. Tana iya zama ita ɗin, amma a asibiti za a tantance. Ka kwana a gidan sauro, kuma a waɗannan kwanakin a rage 'yan dubiya. Wannan yana da wuya a wurinmu, mutum zai taso daga nesa ya zo gaishe ka. Mahaifiyata ce ta zama mai gadin ƙofa, tana karɓar gaisuwa a tsakar gida tana cewa ya samu barci.

Sai babbar shawara. Tiyata iri biyu ce: ko a cire ɓangaren ƙashin da ciwon yake a sa na ƙarfe a madadinsa a bar ƙafar, ko a yanke. A ƙasashen da ake gano ciwon da wuri yawanci ana ceton ƙafar. A nan kuwa ƙarfen yana da tsadar gaske, daga waje ake kawo shi, kuma da yawa muna isa ne ciwon ya riga ya naɗe jijiyoyin bayan gwiwa. Nawa haka ya yi. Idan an cire ciwon da tsabta, da lafiyayyen nama kewaye da shi, tsawon rai kusan ɗaya ne ko an bar ƙafa ko an yanke. Idan kana shakka ka kai hotunanka wurin wani likitan ƙashin ya duba, haƙƙinka ne, amma a cikin sati ɗaya, ba wata uku ba.

Ranar da aka ce za a yanke, dangi za su kasu biyu. Wani kawuna ya ce gara a mayar da ni gida in mutu da ƙafata cikakke. Na san ƙauna ce ta sa shi faɗa. Na ga gadaje da suka wayi gari babu kowa saboda irin wannan ƙaunar, an sulale da yaro cikin dare, bayan watanni a dawo da shi yana tari ba ya iya numfashi. Idan ka kai shekara 18 kai ne mai sa hannu. Abin da ya taimake ni shi ne na sa yayana ya kawo kawun gaban likita ya ga hoton da idonsa, sannan limamin unguwarmu ya yi masa magana a kan halaccin cire gaɓa don ceton rai. Da ya fito cewa ya yi, “To, ɗana, Allah Ya sa hakan shi ne alheri.” Shi ne ma ya fara ba da jini.

Ku tanadi masu ba da jini tun da wuri, mutum biyu ko uku. Ku kuma yi maganar ƙafar da za a cire kafin ranar. Mu Musulmi binne ta muke yi, amma sai ɗakin gwaji ya fara ɗaukar abin da yake buƙata, domin a nan ake ganin ko an cire ciwon duka da kuma yadda kemo ya kashe shi. Idan kashi 90 cikin 100 ko fiye ya mutu, alama ce mai kyau. Kada gaggawar binnewa ta sa a rasa wannan sakamakon.

Bayan aiki za ka farka kana jin ƙafar tana nan. Ni babban yatsana ne ke min ƙaiƙayi, wani lokacin kamar an ɗana min wutar lantarki a tafin da babu shi. Ba aljanu ba ne, ba taɓin hankali ba ne, jijiyoyin da aka yanke ne ke ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta goge ƙafar daga lissafinta ba. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Ka faɗa wa likita, akwai magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin da amitriptyline, kuma masu gashin ƙashi na koyar da wata dabara ta madubi, inda kake kallon lafiyayyar ƙafar a madubi kana motsa ta. Haɗarin wannan jin shi ne dare: ka tashi fitsari cikin magagi ka taka ƙafar da babu. Ka jingine sandunanka a jikin gado inda hannu zai fara cin karo da su. Maganin ciwo mai ƙarfi da aka rubuta maka kuma ka sha yadda aka ce, jarumtar cije haƙori tana hana ka motsa jiki ne kawai.

Dungun yana buƙatar kulawa tun kwanakin farko. Kada ka ɗora shi a kan matashi, ko da yake hakan ya fi daɗi, kuma kada ka wuni a zaune. Idan ƙugu ya saba da lanƙwashewa sai ya ƙage a haka, ƙafar roba ta ƙi zama. Ka riƙa kwanciya ruf da ciki na minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a rana, idan likita ya yarda. Ka koyi naɗa bandeji mai talewa a karkace, matse daga ƙasa sassauci a sama, don kumburin ya sauka dungun ya yi siffar da za ta shiga mazauninsa a ƙafar roba. Ka duba ƙarshensa da madubi kullum, ja ko ruwa ko wari a koma asibiti.

Gida kuma sai an gyara shi. Masai na tsuguno shi ne babban abokin gaba. Kafinta ya yi min kujera mai rami, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango. Wanka a zaune kan kujerar roba, a kawar da tabarma da ledar tsakar ɗaki masu zamewa. Salla a zaune ta halatta, alwala kuma ka tambayi malaminka yadda hukuncinka yake gwargwadon inda aka yanke. Na fi jin nauyin komawa masallaci ranar farko fiye da tiyatar kanta, saboda ido. Sati biyu ne idon ya gaji ya koma harkarsa.

Ga inda mutane da yawa ke yanke tafiya: ciwon ya tafi da ƙafa, jiki ya yi sauƙi, kuɗi sun ƙare, sai a ce an warke. Saura kemo na bayan tiyata, wanda yakan ɗauki watanni huɗu ko fiye, kuma ana komawa kansa da zarar ɗinki ya kama, galibi cikin sati biyu zuwa uku. Shi ne ke bin ƙwayoyin nan da hoto bai gani ba. Saboda haka tun ranar farko ku raba kuɗin gida uku, na kemon farko da na tiyata da na kemon baya, kada tiyata ta cinye duka. Ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafin shiga da fita. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ku tambaya, ku nemi hukumar zakka ta jiharku, wanda ke da inshorar lafiya ya bincika abin da take ɗauka. 'Yan ƙungiyarmu ta teloli sun ba ni kwasar farko a adashi, kuma na karɓa hannu biyu. Maganin kemo a saye shi a kantin asibiti ko inda likita ya amince, na jabu yana yawo.

Ƙafar roba ba a gaggawarta. Sai dungun ya warke ya daina raguwa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku ko fiye, kemo ma yana ja masa lokaci. A Dala akwai sashen da ke ƙera su. Ta farko ba ta dindindin ba ce, dungun zai ci gaba da ramewa ka riƙa ƙara safa, har a sake mazaunin. Tafiya da ƙafar da aka yanke a saman gwiwa tana cin ƙarfi sosai fiye da tafiyar mai ƙafa biyu, za ka yi haki a tazarar da a da ba ka lissafa ta. Lokacin zafi gumi na taruwa a ciki ya kawo ƙuraje, ka wanke dungun da mazaunin kowane dare ka bari su bushe sarai. Wurin hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce a gaba, wurin sauka ta roba.

Keken ɗinkina na taka-taka ne da, na sayar na sa wa wani keken injin lantarki, na koya wa ƙafar hagu taka feda. Ɗinkin farko ya yi ta gudu yana karkacewa, da kyallayen banza na yi ta gwaji har ƙafar ta gane nauyin da ake so. Yanka kuwa a zaune nake yi kan doguwar kujera, aka rage tsayin teburin.

Bibiya ba ta ƙarewa da kemo. A shekara biyu na farko duk wata uku ake duba ƙirji da wurin aikin, domin a lokacin ne ciwon ya fi dawowa, daga nan a riƙa tsawaita tazarar har shekara biyar da bayanta. Ko an ga ɗigo a huhu ba shi ke nan ba, idan ƙanana ne kuma kaɗan akan iya cire su da tiyata, amma sai an kama su kafin su fara sa tari. Ka roƙi a riƙa duba zuciya da ƙoda da ji lokaci-lokaci saboda magungunan da ka sha. Kafin ka bar asibiti kowane zuwa, ka karɓi ranar dawowa a rubuce, ka sa ta a waya, ka fara ware kuɗin hoton daga cinikin satin.